Wata takwas ina aiki da Vitrobot Mark IV

Kafin a kawo mana wannan na'ura mai daskarar da samfurin furotin don dubawa a madubin ƙara girma na lantarki, da hannu nake daskarar da samfur: hantsaki a maƙale jikin sanda, ni kuma ina riƙe da takardar tsotsar ruwa ina ƙirga sakan a zuci. Ranar da hannuna ya yi rawa, aikin yini ya tashi a banza.

Vitrobot ta raba ni da wannan fargaba. Ina ɗiga mikrolita 3 na furotin a kan 'yar ragar tagulla mai faɗin milimita 3, ɗakin cikinta yana digiri 4, danshi ɗari bisa ɗari. Takardu biyu su matse ragar ta gaba da baya, ni sakan 4 nake ba su, sai sanda ta cilla ta cikin ruwan itan, wato iskar gas ta ethane da aka sanyaya har ta zama ruwa. Ruwan samfurin ya sandare kamar gilashi kafin ƙwayoyin ƙanƙara, masu ɓata samfur, su samu damar tsirowa. Dabarar Jacques Dubochet ce tun farkon shekarun 1980 a birnin Heidelberg na Jamus, wadda ta sa ya shiga cikin mutum uku da suka karɓi Nobel a 2017. Sabon ɗalibi kan tambaya me ya hana a tsoma a ruwan naitirojin kai tsaye, tunda ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Tafasa yake yi, tururinsa ya lulluɓe ragar, sanyin ya makara.

Abin da ya fi burge ni shi ne maimaituwa. Raga huɗu a jere, kaurin ƙanƙararsu kusan ɗaya. Feda ta ƙafa ma ta yi amfani, don hannu biyu duk a cike suke.

Sai dai kada wani ya zaci ta gama masa aiki. Daga kofin itan zuwa akwatin ajiya hannunka ne, kuma a nan na fi yin asara. Ragar ta ɗumama ta haura digiri 135 ƙasa da sifili, gilashin ya koma ƙanƙarar gida. Ni da kaina na lalata raga shida da numfashina, har sai da na koma sa takunkumi. Hantsakin kuma a lallaɓa shi. Bakinsa ya lanƙwashe, ragar ta lanƙwashe.

Furotin ɗin da ke manne wa saman ruwa ya warware, wannan ba saitin da ya warkar min da shi. Sai da na ƙara ɗan sinadarin sabulu a samfurin. Taurari huɗu cikin biyar.