Kwalin Kyauta Daga Shaguna: Wanda Ya Cancanci Ɗauka da Wanda Ya Kamata a Bari

Mai sayar da kaya ta intanet, da duk mai yawan aika saƙo ta gidan waya ko kamfanonin aike, ya san kuɗin kwali da ledar naɗe kaya ba sa tayar da hankali a kan saƙo guda, sai an tara na wata ake ganin yadda suka ci riba. Ga shi kuwa kullum shaguna na fitar da irin waɗannan kaya suna jibgewa a baya, wasu har biya suke a kwashe musu. A ganina wannan hanya ce mai kyau ƙwarai, amma da sharaɗi: abin cika gurbi da naɗe kaya a kwashi kusan duk wanda aka samu, shi kuwa kwali sai an zaɓa, domin ingancinsa ya danganta da irin shagon da ya fito.

Na kantin littattafai ne a kan gaba. Littafi nauyi gare shi, don haka ake zuba shi a ƙaramin kwali mai kauri, sau da yawa mai bango biyu. Idan ka dubi bakin kwalin za ka ga takarda mai lanƙwasa kamar kwanon rufi tsakanin shafuka. Jeri ɗaya shi ne bango ɗaya, jeri biyu bango biyu. Ba wari, ba maiƙo, girmansa kuma daidai da yawancin saƙonni. Na kantin magani yana biye da shi wajen tsabta, sai dai ƙanana ne kuma marasa kauri, sun fi dacewa da kaya marasa nauyi.

Kwalin takardar ofis yana ruɗar mutane. Yana ɗaukar rim 5, kowane rim na A4 mai giram 80 kusan kilo 2.5, jimilla kilo 12.5, sai a ɗauka ƙarfi ne da shi. A'a, takardar da ke ciki ce ke tokare shi. Da zarar an zuba wani abin da bai cika shi taf ba, aka kuma ɗora kaya a kansa, murfin ya lotsa. Ana iya amfani da shi, amma a cika shi sosai, a zagaye murfin da salatif sau biyu, tsaye da kwance.

Shagunan kekuna, kujeru da kayan lantarki su ne inda ake samun riba ta gaske. Kwalayensu sun yi wa saƙo girma, amma ana yanka su a yi faifan tokare ciki ko a raba tsakanin kwalabe, kuma a nan ne ake samun leda mai kumfar iska da shimfiɗar soso da kusurwoyin kwali masu tauri, sau ɗaya kacal aka yi amfani da su. Farin soson da aka ƙera da siffar talabijin ko firji kada ka wahalar da kanka da shi. Bai dace da komai ba sai abin da aka yi shi dominsa, kuma yana marmashewa.

Wanda ban yarda da shi ba shi ne kwalin kayan gwari da 'ya'yan itace, duk da shi ya fi yawa kuma ya fi sauƙin samu. Wasu an shafe su da kakin zuma ko makamancinsa don kada ruwa ya ci su, salatif ba ya kama su, kwana ɗaya ya ɓalle. Yawanci suna da ramukan shan iska, na ayaba ma gindinsa a buɗe yake. Ga danshi, ga kyankyaso da ke son yin ƙwai a cikin lanƙwasar kwali. Idan kuma saƙon zai ƙetare iyaka abin ya fi haka: Ostiraliya, alal misali, ta hana a aiko mata kaya a kwalin da aka taɓa zuba 'ya'yan itace, kayan lambu, nama ko ƙwai, haka ma cika gurbi da ciyawa.

Ko daga ina kwali ya fito, a gwada shi kafin a kai gida. Danna kusurwoyinsa huɗu na tsaye da babban yatsa, domin su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin da aka ɗora a sama. Idan ɗaya ta yi laushi ko ta taɓa karyewa, kwalin ya gama aiki. Tabon ruwa, ko ya bushe, dalilin bari ne. Kwali na shan laima daga iska ma: wanda ya zauna inda danshin iska ya kai kashi 90 cikin 100 yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Shi ya sa wanda aka tsinta a waje da sassafe bai kai wanda aka karɓa daga hannun mai shago ba. Kwalaye da yawa, musamman na kasuwar Amurka, suna da hatimi zagayayye a gindi. Idan ka ga 32 ECT (ma'aunin ƙarfin gefen kwali ke nan), bango ɗaya ne na gama-gari; hatimin zai ce yana ɗaukar nauyin fam 65, wato kusan kilo 29 da rabi, amma a saƙon da za a yi ta jifa da shi daga mota zuwa mota kada ka wuce kilo 13 zuwa 14 ko da sabo ne, tsoho kuwa ka rage. Abin da ya haura haka a nemi mai bango biyu.

Babbar illar tsohon kwali ita ce rubutun da ke jikinsa. A manyan wuraren tantance saƙo na'ura ce ke karanta lambar nan mai zane-zanen layuka, kuma idan ta ci karo da tsohuwa kafin sabuwa, kaya na iya komawa inda kwalin ya fito tun farko. A duba fuskoki shida duka. Takardar adireshi tana ɓarewa cikin sauƙi idan an hura mata iska mai zafi na daƙiƙa 20 zuwa 30 da na'urar busar da gashi. Wadda ta ƙi, a shafe ta da baƙin alƙalamin maka mai kauri har layukan su ɓace, layi ɗaya a kai bai isa ba. Alamomin haɗari sun fi wannan tsanani. Tambarin batirin litiyam mai lamba UN3481 ko UN3480, da alamar nan mai siffar lu'u-lu'u baƙi da fari, da sunan giya ko sinadarin wanki, duk suna sa a ƙi karɓar saƙo ko a tsare shi, ko da riga ce a ciki. Hanya mafi tsabta ita ce juya kwalin: nemo gefen da aka manne da gam a masana'anta, zura wuƙa ka raba shi, juya ciki ya koma waje, sannan ka manne gefen da salatif ciki da waje. Minti biyu ne, ka sami kwali ba rubutu ko ɗaya.

Sai batun girma, inda kyauta ke komawa asara. Kamfanonin aike da jirgin sama suna auna girma su kwatanta da nauyi, su caji wanda ya fi. Lissafin da DHL da wasunsa ke yi shi ne tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000. Kwali mai 50 da 40 da 30 kilo 12 ke nan, ko da abin da ke ciki kilo 2 ne. A rage masa tsayi: auna inda kaya suka tsaya, ƙara santimita 5, ja layi da bayan wuƙa a bango huɗu ta ciki ba tare da ka huda ba, tsaga kusurwoyin zuwa kan layin, ka lanƙwasa. In an mayar da 30 ɗin nan 15, an koma kilo 6.

Abu mai fashewa yana son santimita 5 na kariya ta kowane gefe, har sama da ƙasa. Leda mai kumfa a matsa ta a tafin hannu. In ta kwanta, iskar ta fita, leda ce kawai. A naɗe da kumfar tana fuskantar kayan. Ledojin da ake hura wa iska kamar matashin kai gurbi kawai suke cikewa, abu mai nauyi ko mai tsini zai fasa su. Tsohuwar jarida tana aiki in an dunƙule ta, amma tawadarta na ɓata yadi da fararen kaya, kuma tana kwantawa a hanya. Ƙwayoyin soso na cika gurbi iri biyu ne: jefa ɗaya a ruwa, in ta narke ta sitaci ce, kada a sa ta inda danshi zai shiga. Allon lantarki na cikin kwamfuta da makamantansa a nema musu leda mai ruwan hoda ko mai ruwan azurfa, wadda ba ta tara lantarki. Bayan an rufe a girgiza. In an ji motsi, a buɗe a ƙara.

Salatif kam a saya sabo, mai faɗin santimita 5. A manna layi ɗaya a tsakiya, biyu a gefuna, ya ba da siffar H, sama da ƙasa. Na takarda da masu fenti ke amfani da shi ba ya riƙewa, igiya kuma na maƙalewa a na'urorin tantancewa.

Akwai kuma dandalin intanet na ba da kaya kyauta irin su Freecycle, wanda aka fara a 2003, da rukunonin Facebook. Suna da amfani wajen kwashe kayan waɗanda suka yi ƙaura, sai dai ba tabbas, yau akwai gobe babu. Mai aika kaya kowane mako gara ya daidaita da shago biyu ko uku. A tambayi mai kula da sito ranar da ake sauke kaya, a zo ranar kafin a daddanne kwalayen ko a kai su bola, a kwashe abin da aka yi alkawari ba tare da barin tarkace ba. A gida a buɗe su a shimfiɗe, a jingina su a tsaye a kan katako, nesa da ƙasa da bango, a ware su bisa girma, kuma a fara amfani da waɗanda suka fi daɗewa.