Nasihar shayarwa wurin awon ciki a Damagaram: inda ta yi amfani da inda ta gaza

Tun 2006 awon ciki ya shiga cikin ayyukan lafiya na kyauta a Nijar, kuma a likitocin unguwanni na Damagaram mai ciki kan samu awo, ƙwayoyin ƙarin jini, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, sai kuma nasihar da ungozoma ke yi kafin a fara kiran suna. A kan wannan nasihar muke sharhi, mu da muka saba zama a bencin nan.

Abin da ake faɗa daidai ne. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Inda nasihar ta fi tasiri shi ne batun dakashi, nonon farko mai kauri da launin ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar wai gurɓatacce ne. Idan ungozoma ta bayyana cewa cikin jariri ranar farko bai ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin cokalin shayi ko ɗan fiye, kuma dakashin shi ne rigakafinsa na farko, mace takan riƙe zancen har ɗakin haihuwa.

Gazawar tana wajen nunawa. Yawanci baki ne kawai, alhali kama nono aikin hannu ne. Cikin jariri ya fuskanci cikin uwa, ya wangale baki, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nonon ya shiga bakinsa sosai. In kan nonon kaɗai ya kama, sai ya tsage, uwa ta riƙa jin zafi tana rage shayarwa. Wajen kwana na 3 nonon ya cika ya yi tauri, jariri ya kasa kamawa, gida ya ɗauka da "ba ta da ruwan nono". Da an nuna mata da ƴar tsana yadda ake riƙewa, da yadda ake ɗan matse nonon ya yi laushi kafin a ba shi, da ba a kai nan ba. Haka ma'aunin ƙoshi, ba kasafai ake ambatarsa ba: shayarwa sau 8 zuwa 12 dare da rana, da fitsari aƙalla sau 6 a yini bayan kwanakin farko.

Sai maganar ba jariri ruwa, wadda ita ce ƙashin bayan gardamar. A Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, wace kaka ce za ta yarda jikanta ba ya jin ƙishirwa? Cewa "likita ta hana" ba ya gamsar da ita. Abin da ke shiga kunne shi ne a ce mata fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, uwar ce za a ba ruwa ta sha, kuma ruwan randa shi ke kawo zawo. Zuma kuwa haɗari ce ga yaron da bai shekara ba. To amma kakar ba ta zuwa awo, kuma a kwana arba'in na jego ita ke da ɗaki. Ƴar shekara goma sha bakwai mai haihuwar fari ba za ta ce wa uwar mijinta "Inna, kada ki ba shi" ba.

Karatun uwa yana taimakawa: wadda ta yi makaranta takan duba abin da aka rubuta mata, ta tuna ranar komawa, ta yi tambaya ba kunya. Sai dai ita ma tana da nata tarkon. Ma'aikaciya hutun haihuwarta mako 14 ne, tana komawa aiki sai madarar gwangwani da bulumboti, don ba wanda ya koya mata tatsar nono cikin kofi mai murfi a ba jariri da cokali. Shawararmu ga mai ciki: a awon wata na 8 ta zo da uwar miji ko wadda za ta yi mata zaman jego, ta kuma roƙi ungozoma ta nuna mata riƙon da hannu.