Saƙo daga Milan, maganar saurin kiɗa

Yaya ina gaisuwa, ya mutanen Tawa, ya zafi? Piyanon lantarki da ka ce in taya maka don situdiyo, ranar asabar na shiga wani shagon kayan kiɗa nan Milan, amma wallahi abin da ya tsaida ni wani ɗan akwatin icce ne mai tsini sama, ƙarfe na lilo a gabanshi tak tak tak, wai metronom, na'urar da ke ba makaɗi saurin kiɗa. Wani Maelzel ya yi rajistarshi tun 1815, har yau ana saidawa.

Jikinshi lambobi ne daga 40 zuwa 208, wato bugu nawa a minti ɗaya, kowane sauri da sunanshi na Italiyanci, largo shi ne tafiyar hawainiya, allegro ya ɗan zabura, presto gudu, sai na ƙarshe prestissimo, wannan daga bugu 200 ne zuwa sama. Mai shagon ya ce yawanci sai ƙarshen kiɗa ake sa shi lokacin da ake son jinin mutane ya hau, ya kunna min ƙarshen simfoni ta 9 ta Beethoven, wato wani dogon kiɗan taron makaɗa na wani shahararren mai tsara kiɗa Bajamushe, wadda aka fara kaɗawa a birnin Biyana 1824. Yaya ni filin kokowa kawai na tuna, in ɗan kokowa ya ɗaga abokin karawarshi makaɗa suka rikice da ganga, to irin wannan ne sak, sai dai namu ba takarda ba lamba, hannu ne ya sani.

Kuɗin akwatin yuro 45, kusan jaka 30 kenan, ni dai ban ga dalili ba tunda piyanon da nashi a ciki, a waya ma kyauta ake saukewa.

Inda mutanen nan suka fi mu gaskiya wajen ciniki ne, na zauna kusan awa ina latsa piyano kala-kala ba wanda ya harare ni, kuma sabon kaya garanti shekara 2 doka ce, ba irin namu ba da in ka bar bakin shago shi kenan kai da Allah. Amma gyara fa? sai randebu, ka jira sati biyu uku, kuɗin hannu kuma ya kusa na sabo. Kai ko fatar kalangu ta fashe da safe kafin la'asar an ɗaure maka wata.

Ka faɗa min mai maɓalli 61 kake so ko 88, don babban ba ya shiga jakar jirgi, sai dai in ba masu kwantena zuwa Yamai. A gaida Inna.