Shagon maganin ƙwarin da ya ƙi sayar mani da magani

Tun da na ɗora hoton tumatirin lambuna a WhatsApp mutane ke ta tambaya wane magani nake fesawa, ina nake saye, to bari in yi bayani gaba ɗaya in huta. Sunan shagon dai ba zan faɗa ba don akwai inda zan kushe shi, amma duk mai lambu a fadamar Argungu in ya ji bayanin zai gane wurin, ɗan ƙaramin shago ne na wani matashi da ya karanci aikin gona, buhunan taki jibge bakin ƙofa.

Abin da ya kai ni can abin kunya ne gaskiya. Lambuna bai fi taku arba'in da ruwa ba, fangali ne na tumatir da tattasai da alayyafo sai ɗan albasa. Ranin bara tsutsa ta dame ni na yi feshi da maganin nan mai sinadarin lambda wanda kowa ke saye, da na gama sai na wanke injin feshin cikin 'yar magudanar da ke komawa gulbi kamar yadda munka saba, wa ya taɓa tunanin komi. Washegari da safe ga 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa sun juyo ciki sama, har da kwaɗi. Wani dattijo masunci da ke ɗaure jirginsa kusa da mu ya tsaya ya dube su ya dube ni, ya ce "ɗana, mi ya raba ka da masu zuba gamalin?" Wallahi maganar ta tsaya mani a rai, don nan garin duk wanda anka kama yana kashe kifi da gamalin ba a ganinsa da mutunci, gwamnati ma ta daɗe da hana maganin. Garin da tun 1934 ake bikin kamun kifi, har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016, gulbin Matan Fada inda ake bikin kuwa Sarkin Ruwa na tsare da shi ba mai jefa koma sai ranar da anka buɗe, sai ga ni ina zuba guba ta bayan fage.

To da tsutsa ta dawo bana na shiga shagon nan na ce a ba ni mai ƙarfi, wanda ke kashewa nan take. Yaron bai miƙo komi ba. Ya ce "Kawu, ruwan lambunka in ya yi yawa ina yake zuwa?" Na ce gulbi mana. Ya ce to shi ba zai ba ni wanga ba, akwai shi a shagon, ga shi can sama, yana sayar ma masu gonar tudu da ke nesa da ruwa, amma irin wanga ɗigo kaɗan ke kashe kifi da ƙudan zuma. Na ji haushi fa, kuɗina ne a hannuna. Ya zaunar da ni kan benci ya ɗauko tsinke yana zana mani a ƙasa yadda Rima ke haɗuwa da gulbin Sakkwato su biyo ta nan su wuce Birnin Kebbi su faɗa Kwara, daga nan Yawuri, madatsar Kainji, Lokoja inda Binuwai ke shigowa, har teku. Ni da ban taɓa ganin teku ba wai wankin injin feshina na iya kama hanyarta. Dariya ta kama ni amma ban yi musu ba.

Abin da ya ba ni man dogon yaro ne, kwalba ɗaya, da bayanin yadda ake haɗa shi da ɗan ruwan sabulu don mai ba ya gauraya da ruwa haka nan. Sai da yamma ake feshi, rana na lalata ƙarfinsa kuma lokacin zuma sun koma gida. Nan fa zan gaya maku gaskiya, duk mai son ya fesa ya ga tsutsa na zubowa kamar ruwan sama kar ya saye, zai zage ni. Ba haka yake aiki ba. Tsutsar na daina cin ganye ne, ta kasa girma, sai bayan kwana uku huɗu ka lura sabon toho na fitowa lafiya lau. Sati na farko har na yanke ƙauna na ce yaron nan ya cuce ni. Kuma kusan kowane sati sai ka sake, wato wahalar goyon injin ta ninka, ga warin tsiya kamar an dafa tafarnuwa da gyaɗa ta ruɓe, uwargida ta ce in riƙa cire rigar tun daga zaure. Ga ɗarɓar da ke manne ƙarƙashin ganye da farin ƙuda ya yi aiki sosai. Fangali biyu da tsutsar ta riga ta shige cikin 'ya'yan tumatir kuwa bai cece su ba, tsigewa na yi na binne. Shi ma ya faɗa tun farko, irin tsutsar nan da ake kira sharon da ta cinye tumatirin arewa a 2016 in ta shiga cikin ganye ta yi rami ba ƙaramin aiki ba ne, riga-kafi ake yi da wanga ba jinya ba.

Inda ya ƙara burge ni, da na koka da tsada, don kwalbar ta fi maganin da na saba saye kuɗi, sai ya ce ai ba dole in saye ba. Ka tsinci 'ya'yan dogon yaro da sunka faɗo, ka shanya, ka ɓare ka daka kamar rabin kilo, ka jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, da safe ka tace da ƙyalle. Ɗan kasuwa na koya maka yadda za ka daina sayen kayansa! Itacen da ke ko'ina bakin titi muna shan inuwarsa kawai. Ya kuma ja mani kunne cewa shi ma dogon yaron kar in kuskura in juye ragowarsa a ruwa, wai don na itace ne ba shi ke nan ya zama ruwan sha ga kifi ba. Yanzu rami na gina can gefen tudu, nan nake ɗauraye injin.

Maganar taki ma mun yi ta. Ni da yuriya nake watsawa da hannu sama-sama in sako ruwa, ya ce rabin kuɗinka kake aikawa gulbi Kawu, buhun nan kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne kuma narkewa yake kamar gishiri, abin da shuka ba ta sha ba shi ke ciyar da kainuwa da gansakuka su rufe fuskar ruwa, in sun ruɓe su shanye iskar da kifi ke numfashi da ita. Sai a riƙa tona ɗan rami gefen shuka a binne kaɗan kaɗan. Na gwada, buhun da ke ƙare mani da wuri bana har ya yi saura.

Takin gargajiyar da yake sayarwa kam ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Buhu uku na ɗauka, ɗaya bai gama ruɓewa ba, da zafinsa, ya ƙone mani dashen tattasai layi guda, ga guntayen leda da na yi ta tsincewa, bayan sati biyu kuma ciyawa ta tsiro kamar ita na shuka. Mutumin da ke wa'azin kar a ɓata ruwa bai kamata a sami leda a takinsa ba, na gaya masa haka a fuskarsa. Ya ba da haƙuri ya ce saro shi yake daga wasu, ya canza mani buhu ɗaya, sauran biyun kuwa shiru. Kwalaben man ma ba takarda ba kwanan wata, tsoffin robobin lemo ne, in yaro ya gani zai ɗauka abin sha ne, wannan ganganci ne babba. Sannan buɗe shago sai ya ga dama, sau biyu ina ƙona man babur in tarar da kwaɗo a ƙofa wai ya tafi duba gonar wani, waya kuma ba ta shiga.

Kyautar da ya yi mani ita ce ta fi komi, saiwar jema dami guda, ya ce in jera ta layi tsakanin fangalin ƙarshe da magudana. Ciyawar da kakanninmu ke saƙa zana da faifai da ita, ashe saiwarta na nutsewa ƙasa sosai tana riƙe gaɓa tana tare laka da taki kafin su gangara. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta kwashe shinkafa da ƙasar gonaki a jihar nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ta kama, ta kai gwiwa yanzu, kwaɗi sun dawo suna damun mu da kuka da magariba, belbela ma na sauka tana tsince fara.

In lambunka na bakin ruwa ne ka je, ka sayi man ko ka koyi haɗawa, ka roƙi jema. Taki kuwa tara naka a gida ya fi, ko ka zazzage buhun a gabansa ka sa hannu ka ji ko da zafi kafin ka biya. Kuma ka je da safe kafin ƙarfe goma, in ya wuce haka sai dai ka gaisa da mai shayin da ke gefensa.