Kunkurun ruwa da akwatin gilashi a wani shagon Maradi: kunkurun na da lafiya, akwatin ya yi kaɗan

Wani shagon tsuntsaye da kifin ado kusa da babbar kasuwar Maradi yana haɗa ɗan kunkurun ruwa da akwatin gilashi mai cin lita 30 da ƙaramar matatar ruwa, kuɗi guda. Kunkurun dai lafiyarsu lau: ido tar, ƙoƙon bayansu kuma mai tauri. In ka ɗaga ɗaya, sai ya lanƙwashe wuya gefe, ya rufe gaban ƙirjinsa kamar ƙyaure. Wannan ƙyauren shi ne shaidar dangin kunkurun da masana ke kira Pelusios. Wani dangin, Pelomedusa, mai binne kansa cikin laka in tafki ya ƙafe, ba shi da shi.

Ana tsawwala masa kuɗi wai ɗan tsibiri ne. Kada wannan ya ruɗe ka. A 1906 aka rubuta wani kunkurun tsibiran Seshel da ke tekun Indiya a matsayin jinsi na daban, aka yi ta nema ba a sake ganinsa ba, har aka ce ya ƙare. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2013 ya nuna ashe Pelusios castaneus ne, ɗan Afirka ta Yamma. Irinsa da ke tsibirin Gwadalup na yankin Karibiyan ma mutane suka kai shi. Na shagon nan ɗan gida ne.

Akwatin ne abin takaici. Kunkurun nan yana wuce santimita 20 in ya girma, lita 30 ba ta riƙe shi. A nemi babbar roba mai cin lita 150 ko fiye. Akwatin kuma ba shi da tudun da kunkurun zai hau ya bushe. A sa masa faffaɗan dutse, domin rashin bushewa ke kawo ruɓar ƙoƙo. Gilashi yana tare hasken ranar da ke ƙarfafa ƙashi, abin da kan sa ƙoƙo ya yi laushi. Hantsi kai tsaye yake so, da inuwa a gefe. Ruwan ya tsaya tsakanin digiri 25 da 28. Zafin Afrilu yana dafa ruwan gilashin da aka bari a rana, da hunturu kuma a shigar da shi ɗaki da dare.

Matatar tana toshewa da wuri, sai an canza sulusin ruwan duk mako da ruwan famfon da ya kwana. Abincinsa ƙananan kifi, tana, fara da dodon koɗi. Duk wanda ya taɓa shi, musamman yara, ya wanke hannu da sabulu, saboda yana ɗauke da ƙwayar cutar gudawa.