Akwatin wasan ƙwaƙwalwa da ake kawo mana duk wata

Jama'a wata huɗu kenan ina karɓar wannan akwatin, ina biya ta MoMo sai mai babur ya kawo min har ƙofar gida a Nima. A ciki akwai ambulan a rufe, taswira da ɗan kwaɗo mai lamba, sai kun warware ɗaya na gaba zai buɗu. Na watan jiya ya fi burge ni wallahi, saƙon sirri ne irin na Kaisar na Rum da ake matsar da kowane harafi gaba wuri 3, A ta koma D, B ta koma E, mun kusan awa biyu a kai ni da yara bayan isha'i kafin autata ta gano, ta yi ta tsalle. Ko an ɗauke wuta fitilar caji ta isa, ba ruwanki da data.

Abin da ke damuna komai da Turanci ne, Hajiya na son shiga amma sai an tsaya fassara mata. Kuma sau ɗaya ake yi, in mun gama sai in aika wa ƙanwata a Mamobi. Na dai sake biyan na watan gobe.