Na kai motata mai lantarki a duba mata mai da ruwa, saura ƙiris a yi min ɓarna

Shekara biyu ke nan motar nan tana hannuna, ban taɓa ɗaga bonet ba sai in zan zuba ruwan wanke gilashi. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba juye, to me zan duba? Na dai kai ta garejin da ake ta yabo ne don littafin motar ya ce lokaci ya yi.

Gaskiya da farko sun burge ni. Ogan wurin ya tsoma wani ɗan abu kamar biro a robar man birki, sai fitila ta kawo ja, wai ruwan da ke cikin man ya haura kashi 3 cikin 100. Na ce ta yaya, ni da ba na cika taka birki ba, motar ce ke rage gudu da kanta tana mayar wa batir wuta? Ya ce takalmin birki ne ke hutawa, shi man kuwa danshin iska yake sha ko motar tana ajiye, kuma in ya sha ruwa saurin tafasa yake a doguwar gangara. Suka juye, suka zuba sabon man birki nau'in DOT 4 kamar yadda aka rubuta a murfin. A raina na ce na samu wurin zuwa.

Ashe ban ga komai ba.

Oga ya fita amsa waya, ya bar min yaronsa. Ruwan sanyaya batir ya sauko dab da layin MIN, wato layin da bai kamata ya gaza ba. Ina juyowa na ga yaron nan riƙe da gorar ruwan famfo, hannunsa a kan murfi, ga motar ko hucewa ba ta yi ba.

"Kai samari, me za ka zuba?"

"Yallaɓai, ai ruwan lagireto ne."

Ruwan lagireto! Ruwan da ke zagaya batir mai bolt 400, nan kusa da wayoyin nan masu launin ruwan lemo da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi. Littafin motata ya faɗa ƙarara: nata na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa sosai, ba a gauraya shi da wani, balle ruwan famfo mai gishiri-gishiri. Da na tsaya danna waya, da shi ke nan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsar ogan: "Yaro ne, a yi haƙuri." Ko tambayar ina ruwan ya tafi bai yi ba, alhali a rufe hanyarsa take, in ya ragu sosai yoyo ake nema tukuna. Sai a gida ma na lura sun yi maki a gaban man giya a rasit, ni kuwa ina tsaye, ba wanda ya leƙa ƙarƙashin motar.

Aikin birkin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma ba zan sake miƙa musu makulli in je in zauna a benci ba.